DARASI A KAN CINIKIN KAYAN RUWAN AZURFA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, da yawa daga cikinku suna sana'ar gwanjo, kuma a cikin kayan da ke zuwa daga Turai akan tsinci tsofaffin cokula da farantai da butocin shayi masu ƙyalli kamar azurfa. To, wajibi ne Musulmi ya san abin da yake sayarwa kafin ya buɗe baki ya yi masa kuɗi.

Na farko: mene ne ruwan azurfa?

Wajen shekarar 1743 wani maƙeri a garin Shefil ta Ingila, Thomas Boulsover, ya gano yadda ake manna fallen azurfa a kan jan ƙarfe da wuta. A 1840 kuma kamfanin Elkington na Bamingham ya yi rajistar shafa azurfa da lantarki. Galibin abin da ke hannunku irin na biyun ne: ƙarfe mai araha, an yi masa rufi da bai kai kaurin takarda ba.

Na biyu: yaya ake ganewa?

Juya cokalin ka duba bayansa. In ka ga hoton zaki yana tafiya, ko lamba 925, watau a cikin kashi 1000 kashi 925 azurfa ce. In kuwa ka ga haruffan EPNS, ruwa ne kawai. Cikinsa jan ƙarfe ne da tutiya da nikel. Kada maganaɗisu ya ruɗe ka, domin sau da yawa ba ya kama ko ɗaya daga cikin biyun. In ka yi shakka, kai wa maƙerin azurfa ya gwada.

Na uku: ina darajarsa take?

Azurfa tsantsa ana ɗora ta a ma'auni. Kayan ruwa kuwa nauyinsu ba ya ƙara musu kuɗi. Abin da masu tara kayan tarihi ke saye shi ne sunan maƙera, kamar Elkington ko Christofle na Faransa, da tsufa, da cikar saiti, da lafiyar rufin. Wanda ya goge su da toka da yashi don su yi haske, ya kankare ribarsa da hannunsa.

Na huɗu: hukuncin Shari'a

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Huzaifa (R.A.) hani a kan ci da sha a ƙoƙunan zinariya da azurfa, kuma hanin ya haɗa maza da mata. Abin da aka yi wa ruwa kawai, malamai sun yi saɓani. A Muhtasar na Halil an ambaci zance biyu. Shafi'awa sun ce in azurfar ba za ta taru ba ko an sa ta a wuta, ya halatta. Sa'an nan azurfa tsantsa, in za a sayar da ita da kuɗi, sai hannu da hannu, ba bashi.

Amma abin da babu saɓani a kansa shi ne algus. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya barranta daga mai ha'inci. To, ina ga wanda ya kira ruwa azurfa? Kuma wanda ya gane azurfar gaske a hannun tsohuwar da ba ta sani ba, ya ce mata farin ƙarfe ne don ya karya kuɗin, shi ma ha'inci ya yi.

Ɗan'uwa, faɗa wa mai saye gaskiya, ka nuna masa inda rufin ya goge, ka ci riba kaɗan mai albarka. Allah Ya tsare mu daga cin haram, Ya sa albarka a neman halaliyarmu. Amin.