Farin Ruwan Da Ke Fito Wa Mata: Hukuncinsa Da Alamomin Cuta

Akwai mas'alar da kunya ke hana matan Zoza da sauran garuruwan ƙasar Rogo da Ƙaraye kai ta gaban malamai, har wata takan bar salla kwana da kwanaki a kan zato. Ita ce mas'alar farin ruwan da ke fito wa mace a lokacin da ba ta haila.

Wannan ruwa ba haila ba ne. Muddin fari ne ko garai-garai, ba wari, ba ƙaiƙayi, to halitta ce wadda Allah Ya sanya don tsabtace gaba. Yakan ƙaru ya yi yauƙi kamar farin ƙwai a tsakiyar kwanakin tsarki, haka kuma ga mai juna biyu. Ba ya hana salla ko azumi, ba ya wajabta wanka. Malamai da yawa suna ganin yana warware alwala, amma a mazhabar Imamu Malik abin da ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya warware ta, sai dai an so a sabunta. Hasali ma farin kumfan da ke zuwa ƙarshen haila shi ne alamar tsarki, tare da bushewar gaba. Ya zo a Muwaɗɗa cewa mata sukan aika wa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, auduga mai fatsi-fatsi, ita kuwa takan hana su gaggawa sai sun ga farin. Saboda haka Malikiyya ke lissafa fatsi-fatsi da gurɓataccen ruwa cikin haila, wadda iyakarta kwana 15.

To, amma sanin hukuncin tsarki ba ya warkar da cuta, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ruwan da ya yi gudaji kamar kindirmo tare da ƙaiƙayi, ko mai ruwan toka da ƙarnin kifi, ko kore-kore mai kumfa, duk alamun ciwo ne, abin da jama'a ke tarawa su kira ciwon sanyi. Kowanne da maganinsa, don haka sayen ƙwaya a kemis ba tare da gwaji ba caca ce. Na ƙarshen nan ta saduwa ake ɗaukarsa, dole a yi wa miji magani tare da matarsa. Mijin da ya ƙi kuwa ya cutar da ita, shari'a kuma ta hana cutarwa. Matse-matsen da ake cusawa da sunan gyara sukan ƙara lalata al'amari.

A ƙasar da ake wanka da wanki a ruwan fadama da na madatsa, irin ta Chalawa da ke Ƙaraye, tsargiya ma takan kama al'aurar mace ta jawo ruwa da ɗigon jini, maganinta kuwa daban ne. Jinin da ya biyo bayan saduwa, ko ya dawo wa wadda haila ta ɗauke mata, kada a tsaya ga kiransa istihala: yana iya zama sankarar bakin mahaifa, wadda Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a 2023. Mai irin wannan jini ta yi alwala ta yi sallarta, gari na wayewa mijinta ya kai ta asibiti.