Darasin Kimiyya: Itace a Hannun Masassaƙi

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan itace ne, kuma masassaƙi za mu bi. Wanda duk ya zaga kasuwar Gummi ko ta Anka ya ga inda ake jera turame da taɓare da akusa da allunan karatu. Tambayarmu ita ce: me ya sa wani turmin ke kai wa jikoki, wani kuwa ya tsage tun hunturun farko?

Ginin itace

Idan aka duba ɓallin itace da madubin likita, za a ga siraran bututu jere a tsaye kamar damin kara. Ta cikinsu ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye. Bangonsu na sinadarin selulos ne, wanda ya kusa rabin nauyin busasshen itace, sai lignin, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, mai manne su da juna. Shi ya sa faskare ke tafiya a tsaye, sara a gicciye kuwa sai an yi gumi. Masassaƙi kan kafa gungume a tsaye ya rarake shi, don taɓarya ta riƙa sauka a kan bakin bututun, inda itace ya fi jure duka.

Bakunan nan suna riƙe ƙura. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, inda ake daka dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje. Don haka turmin da ya daka irin wannan dutse, kada a sake daka hatsi a cikinsa.

Ruwa da tsagewa

A nan ne gizo ke saƙa. Ɗanyen itace yana da ruwa iri biyu: na cikin ramin bututu, da wanda bangon ya tsotse. Na ramin ne ke fara fita, kuma fitarsa ba ta rage girman itace. Sai danshi ya sauko ƙasa da wajen kashi 30 cikin 100 bangon ke fara sakin nasa, itacen ya soma tsukewa.

Tsukewar kuma ba daidai take ba. A tsaye kusan babu ita. A kewaye kuwa ta kusa ninka wadda ke tafiya daga tsakiya zuwa ɓawo. Ga shi waje na riga ciki bushewa: waje na son tsukewa, ciki ya hana, sai tsaga ta buɗe. Iskar hunturu, da ke zuƙe danshi da gaggawa, ita ke ƙara tsananta abin.

Masassaƙi ya san haka tun kafin a rubuta shi a littafi. Yana aiki da ɗanyen itace saboda gizago ya fi shigarsa, yana daidaita kaurin bango, sannan ya ajiye aikin a inuwa ya bushe sannu a hankali. Mai gaggawar kai kaya kasuwa da ya shanya turmi a rana, mai saye ya cuta.

Kowane aiki da itacensa

Kirya ce uwar turmi. Gungumenta mai mita ɗaya ta kowane ɓangare yakan haura kilo 900, dab da nauyin ruwa, wato kilo 1,000, kuma jar zuciyarta na ɗauke da sinadaran da gara ba ta so. Maɗaci, mai kilo 700 zuwa 800, ya fi dacewa da kwalekwale irin wanda manoman Gummi ke ƙetare gulbi da shi. Aduwa kuwa laushin fuskarta ya sa ake yin allo da ita.

Zafi da tururi

Masassaƙan Haida, mutanen wasu tsibirai a yammacin Kanada, sun ɗauki ilimin nan ta wani ɓangaren. Bayan sun rarake gungumen jan sida, itace marar nauyi da gungumensa mai mita ɗaya ta kowane ɓangare bai kai kilo 400 ba, sukan zuba ruwa a ciki, su jefa duwatsun da aka gasa a wuta, su rufe. Zafi da danshi na sa lignin ya saki. Sai su sa sanduna a gicciye su buɗa gefen jirgin a hankali, har ya fi gungumen da aka sare faɗi. In ya huce, haka zai zauna.

Fitaccen masassaƙinsu, Bill Reid, an haife shi a 1920, ya rasu a 1998. Da aikin rediyo da ƙirar kayan ado na zinariya da azurfa ya fara, kafin ya koma ga sana'ar dangin mahaifiyarsa. A 1986 ya jagoranci sassaƙa Lootaas, jirgi mai mita 15 daga gungume guda, a 1989 kuma aka tuƙa shi har cikin birnin Faris.

Aikin gida

Ku samo guntaye biyu na ɗanyen reshe, kaurinsu ɗaya. Ku auna kowanne a sikeli, ku zagaya shi da zare ku sa alama. Ɗaya a rana, ɗaya a inuwa. Bayan mako biyu ku sake awo, ku rubuta wanda ya fi raguwa da wanda ya tsage. Reshen da aka riga aka sassabe za ku nema; kada wanda ya sare bishiya don aikina.