Darasi: Tunawa da Kaka

Dattijo yakan rasu a Basawa ko Samaru bayan ya ciyar da 'ya'ya, ya yi renon jikoki. A zauna makoki, a yi addu'a, a watse. Bayan 'yan shekaru sai a manta asalinsa, har iyakar gonarsa ta zama abin rigima.

Malam Abubakar Imam, marubucin Magana Jari Ce, ya rasu a Zariya a 1981. Amma ya bar labarin rayuwarsa a rubuce, aka buga shi a 1989. Jikokinsa suna iya karantawa.

Ɗalibin yaƙi da jahilci ma zai iya haka. Ya zauna da kakansa tun yana raye, ya rubuta asalinsa, sana'arsa da iyakar gonarsa.

Aiki: Rubuta sunayen kakanninka huɗu.