DARASIN WANNAN WATA: ƘUNGIYAR TARIHI TA GARIN WELSHPOOL

Wales yanki ne na ƙasar Birtaniya, yana yamma da Ingila. Ƙasa ce ta duwatsu da ruwan sama, kuma tumakinta sun fi mutanenta yawa. Mutanen suna da harshensu dabam da Turanci. A gabashin Wales akwai garin Welshpool, kusa da kogin Severn, inda babbar kasuwar tumaki take ci ran Litinin. A wannan gari ne aka kafa ƙungiyar da darasinmu na wannan wata yake magana a kanta.

Yadda aka fara

A shekarar 1867 wani lauya mai suna Morris Charles Jones ya haɗa kai da wasu mutane, suka kafa ƙungiyar da ake kira Powysland Club. Nufinta shi ne tattara tarihin gundumarsu ta Montgomeryshire tun kafin ya salwanta. Dalili kuwa, in tsoho ya rasu yakan tafi da abin da ya sani, kuma tsohuwar takarda in ta rasa mai kula sai ta zama abincin ɓera. A cikin ƙungiyoyin tarihin gunduma na Wales, ita ce mafi daɗewa.

A 1868 ta fara buga mujallarta, Montgomeryshire Collections. A ciki ake rubuta tarihin ƙauyuka, da salsalar gidaje, da sana'o'i, da tsofaffin gine-gine. Jones ya daɗe yana riƙe da aikin edita. Ya rasu a 1893, amma aikin bai mutu da shi ba. Kundin mujallar sun haura 100 yanzu.

A 1974 gwamnati ta haɗe Montgomeryshire da maƙwabtanta, aka kira su Powys gaba ɗaya. Duk da haka tsohon sunan yana nan a bangon mujallar.

Yadda ake tafiyar da ita

Ƙungiyar ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Kowane ɗan ƙungiya yana biyan kuɗin shekara, shi kuma a ba shi mujalla. Da waɗannan kuɗi ake biyan maɗaba'a. Akwai shugaba, da sakatare mai rubuta abin da aka zartar, da ma'aji mai riƙe littafin kuɗi, da edita. Sau ɗaya a shekara akan yi babban taro, a karanta lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, sannan a zaɓi masu riƙon muƙamai. Wannan lissafi a bainar jama'a shi ne ke sa mutum ya sake biya baɗi da kwanciyar rai.

Ban da wannan, ana gayyatar masana su yi lacca, ana kuma fita ziyara a ga tsofaffin wurare da ido. Ƙungiyar tana da ɗakin karatu inda mai bincike zai zauna ya duba littattafai.

Abin da ta ceto

A 1874 ƙungiyar ta buɗe gidan ajiye kayan tarihi a Welshpool. Daga baya aka miƙa shi ga hukuma.

Kusa da garin akwai kufan wani gidan ibada na Kirista mai suna Strata Marcella. An kafa shi a 1170, aka rufe shi a 1536, zamanin Sarki Henry na 8. Mutane suka yi ta kwasar duwatsunsa suna gine-ginensu, har wurin ya koma makiyaya. A 1890 ƙungiyar ta sa aka haƙa wurin. Aka gano tushen ginin, aka auna shi, aka rubuta. Ba don haka ba, da mai wucewa ciyawa kawai zai gani.

Sunayen gonaki

A Wales kusan kowace gona tana da sunanta. "Cae" shi ne gona. "Cae'r Ffynnon" ita ce gonar idon ruwa, "Cae'r Felin" kuwa gonar wurin niƙa. Ko da ruwan ya ƙafe, ko wurin niƙan ya rushe, sunan yana gaya wa jika abin da kakansa ya gani. Amma in baƙo ya sayi gida ya canja masa suna, wannan shaida ta tafi ke nan.

A da, manoma suna ba coci kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona. A 1836 aka yi doka a riƙa biya da kuɗi. Saboda haka aka zana taswirar gonaki, aka rubuta mai gona, da mai noma ta, da fāɗinta, sau da yawa har da sunanta. Babban Ɗakin Karatu na Wales da ke Aberystwyth yana ajiye da irin waɗannan taswirori fiye da 1,000. Daga 2014 zuwa 2017 'yan sa kai suka kwafe abin da ke cikin takardun, aka sa a intanet. A 2016 kuma majalisar Wales ta yi doka a ajiye jerin tsofaffin sunayen wurare.

Abin lura

Ƙwazon mutum ɗaya ne ya tayar da aikin, amma tsari ne ya raya shi fiye da shekara 150: kuɗi kaɗan daga hannu da yawa, lissafi a fili, da rubuta duk abin da aka gano. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Wane ne ya kafa ƙungiyar, kuma a wace shekara?
2. Ina take samun kuɗin buga mujalla?
3. Me ake yi a babban taron shekara?
4. Me aka gano a Strata Marcella a 1890?
5. Me ake asara in an canja sunan gona?