Wa Zai Ɗauki Nauyin Koyon Sana'a a Hartum da Umdurman?

Jama'a, yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya yi wa Hartum da Umdurman da Bahri mummunar ɓarna. An ƙone masana'antu, an tone wayoyin lantarki an kwashe don tagullar da ke ciki, famfunan ruwa sun tsaya. Tun da sojoji suka karɓe babban birnin a watan Maris na 2025, mutane ke ta komowa gidajensu, cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawa da suka daɗe da zama a can. Gyaran gari kuwa aikin magina ne da masu walda da masu haɗa wuta da makanikai, ga shi da yawansu sun watse zuwa Masar da wasu ƙasashe. Dole a horar da sababbi, kuma horo kuɗi yake ci.

Mai masana'anta yakan yi nauyin hannu a nan, kuma yana da hujja. Idan ya kashe dukiyarsa ya koya wa yaro aiki shekara uku, maƙwabcinsa da bai kashe ko sisi ba sai ya ƙara wa yaron albashi ya janye shi. Ita kuma gwamnati, in ta yi horon ita kaɗai, sau da yawa takan yaye ɗalibai a kan injin da kasuwa ta daina amfani da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa ƙasashe suka ɓullo da tsarin raba nauyi.

Dubi Nijeriya. A 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, mai hedikwata a Jos. Kamfanin da doka ta hau kansa yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a shekara. In ya horar da ma'aikatansa bisa tsarin da asusun ya amince da shi, ya kuma kawo shaida, ana iya mayar masa da har rabin abin da ya zuba. A ce albashin shekara naira miliyan 100 ne: zai ba da miliyan 1, ya iya karɓo 500,000. Wanda ya ƙi horar da kowa ya biya, bai karɓo komai ba. Kun ga ke nan mai janye yaran wasu ma an sa shi ya taimaka, ko yana so ko ba ya so.

Sudan ba baƙuwa ba ce a harkar horo. Tana da Majalisar Ƙoli ta Koyar da Sana'o'i, da dokar 2001 da ta tsara aikinta, da cibiyoyi masu ba da difloma bayan shekara uku. Jamus da Koriya ta Kudu da Sin da Japan duk sun taimaka wa cibiyoyin Hartum da Umdurman a lokuta dabam-dabam. Sai dai taimakon baƙo yana da ranar ƙarewa. Asusun da kamfanonin gida da baitulmali suke zuba wa kuɗi duk shekara shi ne mai ɗorewa.

To, amma a ganina babbar makarantar sana'a a Umdurman ita ce unguwar masana'antu, inda garejoji suke jere. Yaro yakan zo wurin usta, wato maigidan gareji, yana ɗan shekara goma sha. Da fari aikinsa wanke sassan inji a cikin tasar fetur, da miƙa sifana, da ɗauko shayi. Sai an ga hankalinsa sannan a bar shi ya kwance birki, daga baya giya, can a ƙarshe inji. Usta ne ke ciyar da shi, shi ke ɗaukar asarar duk ƙarfen da ya lalata. Wannan mutum ya daɗe yana biyan nasa kason, ba wanda ya rubuta masa. Duk tallafin da zai tsaya a manyan kamfanoni masu akawu da hatimi, ya tsallake shi, ya bar mafi yawan masu koyo a baya.

Rabon da ya dace a nan mai sauƙi ne. Usta ya ba da wuri da kayan aiki da lokacinsa. Asusu ya biya kuɗin motar yaro, da tabarau da safar hannu na walda, da darasin kwana ɗaya a mako a cibiya, inda zai koyi lissafi da karanta zanen inji. A ƙarshe a yi masa jarrabawar gwada gwaninta a ba shi takarda, domin kamfanin gini ba ya ɗaukar mutum da shaidar baki.

Kai kuma mai gareji, akwai abin da ya rage naka tun yanzu. Ka sami littafi ka rubuta sunan kowane yaro, da ranar da ya fara, da abin da ya iya. Ku yi yarjejeniya a rubuce da mahaifinsa, da shaidu biyu. Ku kuma haɗa kai da 'yan layinku ku yi rajistar ƙungiya, don hukuma ta fi saurin sauraron garejoji hamsin da suka zo da takarda ɗaya a kan mutum guda da ya zo shi kaɗai.