Hutu a Arewacin Turai: Zan Iya Sauka a Gidan Wanda Ban Sani Ba?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Zariya. Zan halarci taro a Stokholm a watan Yuni, kuma ina so in ƙara 'yan kwanaki in zaga Suwidin da Nowe da Finlan, amma kuɗin otal ya fi ƙarfin aljihuna. Wani abokina ya ce akwai masu sauke baƙi a gidajensu kyauta. Gaskiya ne? In haka ne, yaya Musulmi zai yi da abinci da salla?

Amsa: Abokinka bai yi maka ƙarya ba, abin ma ya daɗe. Ƙungiyar Servas a Denmak aka kafa ta a 1949, bayan yaƙin duniya na biyu, don mutanen ƙasashe daban-daban su san juna a gida. Sai sun gana da kai kafin su karɓe ka, kuma al'adarsu kwana biyu ne a gida ɗaya. Akwai kuma shafin intanet na Couchsurfing da ya fara a 2004, wanda tun 2020 ake biyan kuɗin shigarsa a ƙasashe da yawa, sai BeWelcome da ba a biyan ko kwabo. Duk wanda ka zaɓa, kada ka sauka wurin mutumin da baƙin da suka riga ka ba su rubuta masa shaida ba. Ka kuma riƙe kuɗin kwana ɗaya ko biyu a masauki mai araha, domin mai gida na iya fasawa ana gobe za ka iso.

Bizar Shengen guda ta ishe ka duka ƙasashen uku, har da Nowe da ba ta cikin Tarayyar Turai. Ka sa kwanakin hutun cikin takardar nema tun farko, ka yanki inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba. Za a tambaye ka inda za ka kwana. Wanda bai taɓa ganinka ba da wuya ya sa hannu a takardar gayyata, don haka ka kama masauki na gaskiya ka nuna.

Abin da na fi so ka ji da kyau shi ne, kawaici zai cuce ka a can. Mu an tarbiyyantar da mu baƙo ya ce "na ƙoshi" yana jin yunwa, ya jira a matsa masa. Mutumin Suwidin idan ya ce ga abinci ka ce a'a, ya ɗauka a'a ɗin kake nufi, zai ɗauke kwanonsa da zuciya ɗaya. Ba rowa ba ce. A wurinsu girmama mutum shi ne a ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta. Saboda haka tun a wasiƙarka ta farko ka bayyana komai: ba ka cin naman alade, ba ka shan giya, kana salla sau biyar, kana buƙatar wuri mai tsabta. Yawancinsu za su ji daɗi, tunda ka sauƙaƙa musu.

Ka kula da dunƙulallen naman nan da Suwidin ta yi suna da shi, sau da yawa haɗin naman sa ne da na alade. Kifi kuwa ga shi nan a wadace, da dankali da burodi da cuku. In ka yi marmarin nama, akwai shagunan halal a unguwar Gronland a Oslo da Rinkeby a Stokholm. Kada ka ɗauka ciyar da kai wajibi ne a kan masu masaukinka; wurin kwana suka yi alkawari. Ka yi cefanenka, wata rana ka dafa musu shinkafa da miya, ka wanke kwanonka da kanka. Ɗan tsaraba kamar hula ko ƙaramar jakar fata ya wadatar. Nama, ko da kilishi ne, an hana shiga da shi ƙasashen.

Ka tambaya ko akwai kare, domin a can cikin ɗaki yake kwana, wani har kan kujerar da za a shimfiɗa maka. Takalmi a bakin ƙofa ake cire shi, wannan kam ba baƙonmu ba ne. Idan an ce ƙarfe shida, to shida ɗin ce. A Finlan za a iya gayyatarka ɗakin gumi da suke kira sauna, babbar karramawa ce, amma galibi tsirara suke shiga. Ka ce za ka shiga kai kaɗai, ko ka yi godiya ka ƙi; ba wanda zai riƙe ka a rai.

Salla ce za ta ɗan ba ka aiki. A Yuni dare gajere ne ƙwarai a Stokholm da Helsinki, magariba da isha'i da asuba suna bin juna kusa-kusa. Idan ka hau arewa har garin Tromso na Nowe, rana ba ta faɗuwa sam daga wajen ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuli. Malamai sun yi bayani a kan haka, wasu suna bin lokacin Makka, wasu na gari mafi kusa da ake samun dare da rana. Kada ka yi wa kanka fatawa. Ka nemi jadawalin masallacin garin da kake, akwai masallaci har a Tromso.

Ka bar wa iyalinka sunan kowane mai masauki da adireshinsa kafin ka tashi, kuma ka fara rubuta wa masu masaukin tun yanzu, domin lokacin zafi gidajen cika suke yi. Allah Ya kai ka lafiya, Malam, in ka dawo ka rubuto mana yadda ka samu.