MIDI: Harshen da Fiyano da Kwamfuta Ke Magana da Shi

Gabatarwa

Babbar matsalar mai koyon kiɗan fiyano a gida ita ce rashin wanda zai ce masa ya yi kuskure. Kuskuren da aka maimaita sau ɗari kuwa yakan zama ɗabi'a mai wuyar bari. Haɗa fiyanon lantarki da kwamfuta ta hanyar MIDI yana rage wannan matsala ƙwarai.

Asalin MIDI

Kafin shekarar 1983, da wuya kayan kiɗan lantarki na wani kamfani su fahimci na wani. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan su ne suka jagoranci samar da ƙa'ida guda wadda kowa zai bi. A watan Janairun 1983 aka haɗa na'urar Prophet-600 da Jupiter-6 a bainar jama'a a Kalifoniya, suka yi aiki tare. An fitar da sabon fasalin ƙa'idar, wato MIDI 2.0, a shekarar 2020, amma bayanin da ke tafe ya shafi na farko ne, wanda akasarin fiyanon gida ke bi.

Yadda Yake Aiki

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara riƙewa shi ne, sauti ba ya bin wayar MIDI; lambobi ne kawai ke wucewa. Kaset yana ɗaukar amon kiɗa ne. Shi kuwa MIDI tamkar magatakarda yake, wanda ke rubuta abin da yatsu suka aikata. Da zarar an danna maɓalli, fiyano zai aika da saƙo mai ɗauke da bayani uku: tashar da za a bi daga cikin tashoshi 16, da lambar maɓallin, da kuma saurin da aka danna shi, wanda ke nuna ƙarfin bugun. Idan aka ɗaga yatsa, sai wani saƙon ya biyo baya.

An ba muryoyin kiɗa lambobi daga 0 zuwa 127. Maɓallin C na tsakiya shi ne 60, yayin da 69 ke nufin muryar A mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Saƙon danna maɓalli yana ratsa waya cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa.

Amfaninsa ga Mai Koyo

Da yake lambobi aka adana, manhajar kwamfuta tana iya zana su a allo, kowane bugu a matsayin ɗan layi. Nan take mai koyo zai ga inda ya yi gaggawa, da inda yatsansa ya yi rauni. Har ila yau, yana iya rage gudun waƙa ba tare da muryarta ta sauya ba. Idan aka rage gudun kaset da rabi, kaɗawa 440 takan koma 220, murya ta yi kauri. Lamba 69 kuwa tana nan a 69 komai jinkirin da aka yi. Bugu da ƙari, ana iya kashe sashen hannun dama, kwamfuta ta kaɗa na hagu, ɗalibi ya cike gurbin.

Gwaji a Aji ko a Gida

A haɗa fiyano da kwamfuta da wayar USB. Idan tsohon fiyano ne mai soket ɗin ramuka biyar, a tabbata mafitar saƙon fiyano ta tafi mashigar ɗaya na'urar. Sai a danna fararen maɓallai takwas a jere daga C na tsakiya. Lambobin da aka aika su ne 60, 62, 64, 65, 67, 69, 71, 72. A lura cewa a wurare biyu tazarar ɗaya ce tak, wato inda babu baƙin maɓalli tsakanin farare biyu. Daga nan a duba lambobin ƙarfi: idan sun yi nisa da juna, yatsu ba su daidaita ba tukuna.

Kammalawa

MIDI ba ya ganin zaman mutum ko lanƙwasar yatsunsa, don haka bai maye gurbin malami ba. Aikinsa shi ne ya nuna gaskiyar abin da hannu ya yi, domin a gyara kuskure tun yana ɗanye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.